Ƙaddara Ko Sakaci? Wa Ke Da Alhakin Jikin Soja

A watan Oktoba na 2023 ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya yaye matasa 1,466, rukunin farko na rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. An ɗebo su daga ƙananan hukumomi takwas da 'yan bindiga suka fi addaba, cikinsu har da Faskari da Ɗandume da Sabuwa da Ƙanƙara, waɗanda suke a bakin ƙofar Funtuwa da Malumfashi. Shekara uku kafin nan, a Yulin 2020, rundunar sojan ƙasa ta yi bikin ranarta a sansanin Faskari, ta kuma ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity daga can. Ƙasar Maska ta kudancin Katsina, wadda aka sani da auduga da masara da dawa da waken suya, ta wayi gari cike da masu kaki: soja a shingen hanya, ɗan sanda a bayan mota, ɗan banga a kan babur. Yaron da jiya yake bin shanun huɗa, yau yana saɓe da bindiga.

In aka ce aikin nan yana da haɗari, hankalin kowa kan harsashi da kwanton ɓauna yake tafiya. Gaskiya ne, an rasa rayuka da yawa ta wannan hanya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai dai akwai wani rauni da rediyo ba ya faɗa. Akwai gwiwar da ta cinye saboda doguwar tafiya da kaya, da ƙugun da ya riƙe tun ranar da aka cicciɓi akwatin harsashi a karkace, da kunnen da ke ƙugi dare da rana. Akwai wanda zafin bazara ya kayar a filin horo, da wanda barci ya sace a kan babur bayan ya kwana biyu yana sintiri. Irin wannan mutum zai dawo gida ba tabon harsashi ko ɗaya a jikinsa, amma bai kai arba'in ba ya koma yin salla a zaune, gonar gado kuma sai dai 'yan ƙwadago.

Masu dubiya za su zo su ce Allah ya sa kaffara ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu muminin da zai ja da wannan. Amma bayan an shafa fatiha an watse, tambaya tana nan zaune. Idan komai rubutacce ne, mene ne amfanin koya wa soja yadda zai ɗaga kaya, ko sau nawa zai sha ruwa? Mutumin da aikinsa shi ne ya sa ransa a gaba domin wasu su kwana lafiya, yana da hurumin tattalin gwiwarsa, ko kuwa ragwanci ne? In kuma jikin ya lalace a banza, alhakin yana wuyan wa?

Nauyin da ke kan kurtu

A fara da abin da sikeli zai iya nunawa. Bindiga ƙirar AK-47 da harsashinta takan kai kilo 4. Kowane gidan harsashi cike ya kusa kilo guda, kuma ba ɗaya ake fita da shi ba. Hular kwano ta kusa kilo ɗaya da rabi, rigar kare harsashi mai faranti gaba da baya tana iya kai kilo 10, ruwan sha lita 3 kilo 3 ne. Tun kafin a sa abinci da bargo da oba-oba an haura kilo 20. Marubucin tarihin sojan Amurka S.L.A. Marshall, a littafin da ya fitar a 1950 kan kayan soja, ya tsaya a kan cewa kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin mai ɗaukarsu. Saurayin da nauyinsa kilo 60 ne, iyakarsa ke nan kilo 20.

Mutumin kudancin Katsina zai iya murmusawa da jin haka, domin ya ga 'yan dako a kasuwar Ɗandume da ta Funtuwa suna loda mota da buhun masara mai kilo 100 a wuya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi shi kaɗai ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhunmu ya kusa ninka wannan. Ɗan dako yana ɗauka, ba a musu, amma a je a dubi yadda tsofaffin cikinsu suke tashi daga tabarma. Kuma shi 'yan taku ne tsakaninsa da mota. Soja kilomita goma ko ashirin zai yi da nasa kayan, cikin laka da damina, cikin kututturen kara da kaka, in ya isa kuma ana son ya iya gudu, ya kwanta, ya tashi, ya saita.

Jiki yana da nasa lissafi. Zuciya da huhu sukan saba da sabon aiki cikin makonni, ƙashi da jijiya kuwa sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa kurtu zai ji numfashinsa ya ƙaru ya ɗauka ya ƙware, alhali ƙashin ƙafarsa yana tsagewa a hankali. Wani likitan soja a Jamus mai suna Breithaupt ne ya fara bayyana wannan a 1855, da ya ga ƙafafun sojoji suna kumbura bayan doguwar tafiya. Sai a 1897, da aka samu hoton ƙashi, aka gane tsagewa ce a ƙasusuwan tafin ƙafa. Haka gadon baya: in mutum ya sunkuya da ƙugu, ya ɗaga abu nesa da jikinsa yana murɗawa, nauyin kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu yake taruwa. Ƙarar harbi kuwa ta wuce desibel 140, tana iya ɓata ji nan take, kuma ƙwayoyin jin da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa.

A 2010 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi kan sojojin Amurka 34,006 da aka kwashe daga Iraki da Afganistan tsakanin 2004 da 2007 domin jinya. Kashi 24 cikin ɗari ciwon ƙashi da gaɓoɓi da tsoka ne ya fitar da su daga fagen daga. Raunin yaƙi kashi 14 ne. Rundunar da ta fi kowa kuɗi a duniya ke nan, a lokacin tana tsakiyar yaƙi biyu, amma abin da ya fi rage mata mutane yana kan kafaɗarsu.

Sulken Annabi Dawuda

Mai neman hukuncin wannan ba sai ya je nesa ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Maska da Bakori da Kafur, ta buɗe da aƙida, a ciki har da imani da ƙaddara, mai daɗinta da mai ɗacinta. Littafin nan dai, can wajen ƙarshensa, ya keɓe babi kan neman magani. Malaman da suka koyar da shi kaka da kakanni ba su taɓa ganin karo tsakanin farkonsa da ƙarshensa ba.

Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda (AS) a Suratul Anbiya da Suratu Saba. Allah ya tausasa masa ƙarfe, ya koya masa ƙirar sulke domin ya kare mutane a fagen fama, ya kuma umarce shi ya auna saƙar zobban da kyau. Masu tafsiri sun daɗe a kan wannan awo. Ƙurɗubi ya kawo daga Ƙatada cewa kafin Dawuda sulke farantan ƙarfe ne masu nauyi, shi ne aka umarta ya haɗa abu biyu, sauƙin ɗauka da ƙarfin kariya. Wasu suka ce ana nufin kada ƙusa ta yi siriri ta riƙa rawa cikin zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Ashe matsalar da maƙeran kayan soja ke fama da ita yau, ta yadda riga za ta tare harsashi ba tare da ta karya mai sanye da ita ba, tana cikin abin da aka yi wa wani Annabi wahayi a kai.

A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya fita da sulke biyu, ɗaya kan ɗaya, da kwalkwali a kansa. Babu wanda ya kai shi tawakkali, babu wanda ya kai shi sanin cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Tirmizi ya ruwaito cewa a ranar ya yunƙura zai hau wani dutse bai iya ba, sai Ɗalha bin Ubaidillahi ya durƙusa ya hau ta kansa. Darasi biyu ne a wuri ɗaya. Kariya sunna ce, kuma kariya tana da nauyin da wani lokaci sai ɗan'uwa ya taya ɗauka.

Hatta ƙafa ba a bar ta a baya ba. Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labarin fitar Zatur Riƙa'i, inda su shida suke karɓa-karɓa da raƙumi ɗaya har ƙafafunsu suka farfashe, faratansa suka zube, suka koma naɗe ƙafa da tsumma. Jabir kuma ya ruwaito, a Sahihu Muslim, cewa a wata fita yaƙi Annabi ya hore su da lazimtar takalmi, ya kwatanta mai takalmi da wanda ke kan abin hawa. A tafiyar buɗe Makka, cikin Ramadan, da azumi ya galabaitar da mutane, ya ɗaga ƙwaryar ruwa ya sha kowa na gani, waɗanda suka nace da azumi bayan haka ya kira su masu saɓo. Ayar sallar tsoro a Suratun Nisa'i ta ba mayaƙa damar ajiye makamai in ruwan sama ya dame su ko ba su da lafiya, tare da umarnin su ci gaba da taka-tsantsan. Annabi kuma ya hana nuna wa ɗan'uwa makami, ya hana miƙa takobi tsirara, ya ce mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. Duk malamin harbi na yau da irin waɗannan dokoki yake fara darasi.

Da Sayyidina Umar (RA) ya juya daga Sarga saboda annobar da ta ɓarke a Sham, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah, domin makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa da wanda ya zaɓi busasshe duk cikin ƙaddara suke kiwo. Takalmin da ya dace da ƙafa ƙaddara ne, wanda ya matse ta ma ƙaddara ne, kuma an ba ɗan Adam hankalin zaɓe.

Lifidi da gorar ruwa

Magabatan Hausawa ma ba su je yaƙi da ƙirji tsirara ba. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin runduna. Lifidi riga ce da ake cusa wa auduga, galibi ta rimi, a ɗinke, a sa wa doki da mahayi, kibiya ta zo ta maƙale. Barade ba su ɗauki sa shi a matsayin tsoro ba. 'Yan lifida su ne abin alfaharin sarki, har gobe su ne adon hawan salla a Katsina da Zazzau.

Amma lifidi ma yana da kuɗinsa. Baturen nan Hugh Clapperton ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Ƙonya a 1826, ya rubuta cewa saboda nauyin rigar sai mutum biyu sun cicciɓa mahayi kan doki. Ya kuma ba da labarin wata tsohuwa, baiwar Sarkin Zamfara, da ta ratsa fagen a kan doki da gorunan ruwa a rataye, tana shayar da masu rauni da masu ƙishi, ya sa ta cikin waɗanda suka fi kowa amfani a ranar. Kusan shekara ɗari biyu ke nan, amma matsalolin da ya gani su ne na yau: kariya mai nauyi, rana mai zafi, da wanda zai kawo ruwa.

Hujjar masu ja

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Tsohon saje zai ce ɗan bindigan daji ba ya duba ma'aunin zafi kafin ya kawo hari, kurtun da aka lallaɓa a bariki shi ne zai zube a dajin Rugu ko na Birnin Gwari. Malami mai zurfi kuma zai ce a yi hattara da ayar nan ta 195 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Zai kawo ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi: a yaƙin Kusɗanɗiniyya wani mutum ya kutsa cikin sahun Rumawa, jama'a suka ce ya jefa kansa cikin halaka, sai Abu Ayyuba al-Ansari ya gyara musu. Ya ce a kansu ayar ta sauka, lokacin da mutanen Madina suka so su zauna gyaran dukiyarsu su bar fita.

Duka biyun gaskiya suka faɗa. Jarumta ba laifi ba ce, horo mai tsanani kuma yana ceton rai. Sai dai a dubi inda fassarar Abu Ayyuba ta nuna yatsa. Ayar da umarnin ciyarwa ta fara, kuma Buhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa a kan ciyarwa ta sauka. Halakar da aka fara gargaɗi a kanta ita ce ta riƙe hannu lokacin da masu tsaron al'umma ke buƙatar shiri. Ke nan ayar tana magana da mai rattaba hannu kan kasafin kuɗi da mai kwangilar takalma kafin ta zo kan yaron da ke sahun gaba.

Sannan haɗari iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin aikin kansa, ba a raba su. Wanda ya tsaya ya tare maharan da suka nufi ƙauye har ya rasa ƙafa, ya ba da ita a kan abin da ya kai. Akwai kuma haɗarin da ba ya ƙara wa tsaro komai. Wanda ƙafarsa ta lalace don an ba shi takalmin da ba lambarsa ba, ko hannunsa ya tafi don an dura wa bindigar toka albarushin da ya fi ƙarfinta, an yi asararsa ba tare da maƙiyi ya kashe ko harsashi ɗaya ba. Shari'a ta yabi na farko. Na biyu kuwa sunansa sakaci.

Horo mai tsanani daban, ganganci daban. A shekarun 1950 zafi yana ta kayar da kuratan sojan ruwan Amurka a sansanin Parris Island. Masana biyu, Yaglou da Minard, suka fito da ma'aunin da ke haɗa zafin iska da laima da ƙarfin rana, aka riƙa daidaita horo da shi, masu faɗuwa suka ragu ƙwarai, sojojin kuma ba su zama ragwaye ba. Jiki yakan ɗauki kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da aiki cikin zafi. A ƙasar Maska zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 35, kuma azumin 2023 da 2024 da 2025 duk cikin waɗannan watanni ya faɗo. Muhtasar Halil ya wajabta buɗe baki ga wanda ciwo ya sa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Barci ma haka. Binciken da Dawson da Reid suka buga a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa yakan ragu kamar na wanda ya fara shan barasa. Irin wannan ne ake ba babur da bindiga a ce ya fita.

Maganar laya da guru da maganin ƙarfe ma nan ta shigo. Addu'a makamin mumini ce, kowa yana buƙatarta. Amma jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu wajen gwajin maganin bindiga. Wanda ya fi kowa karɓar addu'a bai bar sulkensa a gida ba.

Alhaki a wuyan wa?

Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya rotsa wa kai a tafiya, sannan wanka ya same shi. Ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), bai ce kwanansa ne ya ƙare ba. Ya ɗora musu kisansa, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Ajalin mutumin rubutacce ne, amma rubutun bai wanke waɗanda suka yi sanadi ba.

Malaman aƙida sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Hadisin mumini mai ƙarfi da ke Sahihu Muslim ya jera abin daki-daki: mutum ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya, sannan in wani abu ya same shi ya mayar ga ƙaddara. Ambaton ƙaddara a ƙarshe ya zo, magani ne ga zuciyar wanda ya yi iyakar yinsa. Wanda ya jawo shi zuwa farko ya sauya jerin da aka koyar.

Fiƙihu ya sa wa gaɓoɓi farashi don kada a raina su. Risala ta ce a kan rasa ji akwai cikakkiyar diyya, haka a kan gushewar hankali, haka a kan karyewar gadon baya. Cikakkiyar diyya kuwa raƙuma ɗari ne, daidai da ta rai. Gadon bayan kurtun da ake ganin ba komai ba ne, shari'a ta auna shi da mutum sukutum.

Tarihin zamani ya nuna inda laifi yakan ɓuya. A Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan jiragen B-17 na Amurka sun riƙa faɗuwa wajen sauka, ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. Wani matashin masani, Alphonse Chapanis, ya duba ya ga maɓallin tayoyi da na fikafikai iri ɗaya ne, kuma suna jere. Aka sauya musu siffa yadda hannu zai bambanta su ko ido bai gani ba, matsalar ta kau. Daga irin wannan ne ilimin daidaita aiki da kayan aiki da jikin mai yi ya kafu. A Bama kuma, inda dubban 'yan Arewa suka yi yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, Janar William Slim ya tarar a 1943 cewa duk soja ɗaya da aka kwashe don rauni, an kwashe 120 don cuta. Ya mayar da shan maganin zazzaɓin cizon sauro alhakin kwamandoji, ya tsige uku da mutanensu ba sa sha, adadin marasa lafiya ya faɗi warwas. Barikin Chindit da ke Zariya daga wancan yaƙi ya samo sunansa.

Wannan shi ne abin da Musulunci ya riga ya shimfiɗa. Kowane shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi abin kiwonsa. A hadisin Abu Zarri an hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora kuwa a taya shi. Sarkin Musulmi Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa maƙera da masu magani cikin waɗanda ya wajaba sarki ya kula da su don amfanin jama'a. Soja yana ƙarƙashin umarni, ba shi ke zaɓar nauyin kayansa ko lokacin faretinsa ba. Gwargwadon yadda aka karɓe masa zaɓi, gwargwadon yadda alhakin jikinsa ya koma kan wanda ya karɓa. Nasa kason shi ne ya kiyaye abin da aka koya masa, ya kuma faɗi ciwo tun yana ƙarami, kada kunyar a ce masa rago ta sa ya ɓoye tsagewa har ta zama karaya.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta shafi sojoji ba, su tsarinsu daban ne. Ɗan bangan ƙauye kuwa, wanda ba ya cikin littafin albashin kowa, gonarsa ce fanshonsa, kuma gona da ƙugu ake noma ta. In ya nakasa, gida guda ne ya rasa mai ciyar da shi, a yankin da ke ciyar da jiha.

Abin da ke hannu

Ilimin bai yi nisa da Maska ba. Daffon sojan Zariya tana horar da kurata tun 1924, a garin kuma akwai makarantar soja ta malaman motsa jiki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuma yawancin abin da ake buƙata ba tsada gare shi ba: a ƙara nisan tafiya da nauyin kaya sannu a hankali, a koya wa mutum ya durƙusa da gwiwa ya rungumi kaya kusa da jiki, abu mai nauyi mutum biyu su kama, a toshe kunne a filin harbi, a sa hular kwano a kan babur, a tsara gadi yadda kowa zai samu barci, a kai horo mai nauyi safiya ko yamma lokacin bazara, ruwa kuma ya wadata.

Limamai a masallatan bariki da na gari su riƙa faɗa a huɗuba cewa jiki amana ne mai haƙƙi a kan mai shi, kuma ɓoye ciwo ba jarumta ba ne. Hakimai da dagatai da ke tantance matasan da za a ɗauka su riƙa tambayar irin horo da kayan da za a ba 'ya'yansu. Hafsoshi su riƙa rubuta kowane rauni da dalilinsa, na fagen daga da na filin horo, domin a ga abin da ke maimaituwa a toshe shi. Gwamnatin jiha kuma, kafin ta yaye rukuni na gaba, ta sa likita da mai gashin ƙashi cikin masu horarwa, a auna ƙafar kowane yaro kafin a ba shi takalmi, a ɗora kayansa a sikeli kafin a ɗora masa.